KUMBURIN JIJIYAR BAYAN GWIWA DA GUDAN JINI A HUHU

GABATARWA

Sau da yawa akan ji labarin mutum lafiyayye, mai jini a jika, wanda ya miƙe daga zaune ko ya sauko daga mota bayan doguwar tafiya, sai numfashinsa ya sarƙe, ya dafe ƙirji, ya yanke jiki ya faɗi. In ya farfaɗo, 'yan'uwa su ce gajiya ce ko kuwa iska ce ta buge shi. In kuwa bai tashi ba, sai a ce mutuwar fuju'a ce, a bar maganar nan. Likitoci sun tabbatar da cewa ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke haddasa irin wannan faɗuwa shi ne gudan jini da ya toshe hanyar jini a cikin huhu, kuma galibi ba a huhun ne gudan ya samo asali ba. Daga ƙafa yake tasowa.

Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa jama'a yadda wannan abu yake faruwa, musamman ta hanyar wata larura da ba kowa ya san da ita ba, watau kumburin babbar jijiyar jini da ke bayan gwiwa. Larurar ba ta da yawa a cikin mutane, amma tana da haɗari ƙwarai, kuma tana da magani idan an gano ta da wuri. Ana fatan malaman makaranta, da ma'aikatan lafiya na karkara, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa, za su karanta wannan bayani su kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

1. YADDA JINI YAKE ZAGAYA JIKI

Kafin a fahimci cutar, lalle ne a fahimci hanyar da jini yake bi. Baligi yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa, zuciya kuwa tana bugawa wajen sau 100,000 a kowace rana domin ta tura wannan jini ko'ina. Wani likitan Ingila mai suna William Harvey shi ne ya bayyana a shekarar 1628 cewa jinin nan zagayawa yake yi: ya fita daga zuciya, ya ratsa jiki, ya komo, sa'an nan ya sake fita.

A Hausa kalmar jijiya ta haɗa abubuwa da dama, saboda haka a nan za mu rarrabe iri biyu. Akwai jijiyoyin kai jini, waɗanda suke ɗauke jini daga zuciya zuwa sassan jiki. Su ne masu kaurin bango, kuma su ne ake jin motsinsu idan an taɓa wuyan hannu. Akwai kuma jijiyoyin dawo da jini, waɗanda suke mai da shi zuciya bayan jiki ya ɗebi abin da yake bukata. Bangonsu siriri ne, jinin cikinsu kuma a hankali yake tafiya.

Jinin da ya sauka ƙafa yana da aiki ja a gabansa, domin hawa zai yi kafin ya koma zuciya. Abubuwa biyu ne suke taimakonsa. Na farko, naman sha-raɓa: duk lokacin da mutum ya taka ƙasa, naman nan yana matse jijiyoyin da ke cikinsa, ya tura jini sama kamar yadda ake matsa salka ruwa ya fito. Na biyu, a cikin jijiyoyin akwai 'yan ƙananan ƙofofi masu buɗewa ta gefe guda kawai, irin bawul ɗin tayar keke, waɗanda suke barin jini ya hau amma su hana shi komawa ƙasa.

Jijiyoyin sha-raɓa suna haɗuwa su zama babbar jijiya guda a lungun da ke bayan gwiwa. Daga nan ta shiga cinya, ta wuce ƙugu, ta haɗu da babbar jijiyar ciki, ta zuba a ɓangaren dama na zuciya. Ɓangaren dama shi kuma ya tura jinin zuwa huhu domin ya ɗauki iska mai kyau. A lura da wannan da kyau: duk jinin da ya baro ƙafa, ba shi da wata hanya sai ta huhu. A cikin huhun kuwa hanyoyin jini suna ta rarrabuwa suna ƙanƙancewa kamar rassan itace, har su zama sirara fiye da gashi. Saboda haka duk wani abu mai kauri da jini ya ɗauko daga ƙafa, a huhu zai maƙale.

2. GUDAN JINI

Daskarewar jini wata baiwa ce da ke kare rai. In ba don ita ba, da ɗan yankan reza ma sai ya zubar da jinin mutum duka. Matsalar tana zuwa ne idan jini ya daskare a cikin jijiya alhali babu rauni a waje.

Wani masanin ƙasar Jamus, Rudolf Virchow, wanda aka haifa ranar 13 ga Oktoba 1821, shi ne ya nuna a tsakiyar ƙarni na 19 cewa gudajin jinin da ake samu a huhun mamata daga jijiyoyin ƙafa suke ɓallowa. Har yau ɗaliban likitanci suna haddace sharuɗɗa uku da ake jingina wa sunansa, waɗanda suke sa jini ya daskare a cikin jijiya:

(a) Idan jini ya rage gudu ko ya tsaya wuri guda, kamar ga wanda ya daɗe a kwance ko a zaune.

(b) Idan bangon jijiya ya sami lahani, kamar bayan karaya, ko tiyata, ko bugu.

(c) Idan jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa, kamar ga mai juna biyu da mai jego, da mai ciwon daji, da mai cutar sikila, da mai shan wasu ƙwayoyin tsarin iyali, da wanda ya gaji wannan hali daga iyaye.

Domin tunawa da aikin wannan masani ne aka keɓe ranar haihuwarsa, 13 ga Oktoba, ta zama ranar faɗakar da duniya game da gudan jini, tun daga shekarar 2014.

3. MENE NE KUMBURIN JIJIYA?

Duk wanda ya taɓa hawa keke ya san yadda tiyub yake yi idan wani wuri a jikinsa ya yi rauni: in an ba shi iska sai wurin ya bullo ya yi ƙullutu, sauran kuwa yana nan yadda yake. Haka jijiyar jini take yi idan bangonta ya raunana a wuri guda. Likitoci suna kiran wannan kumburi aniyurizim. An fi saninsa a jijiyoyin kai jini, inda jini yake da ƙarfin turi, amma yana samun jijiyoyin dawo da jini ma, kuma a cikin jijiyoyin da ke can cikin naman ƙafa, ta bayan gwiwa ce ya fi kamawa.

Faɗin jijiyar bayan gwiwa ga lafiyayyen baligi bai cika wuce santimita 1 ba. Idan wani yanki nata ya buɗe har ya ninka faɗinsa na asali, ana ɗaukarsa kumburi ne. Siffarsa iri biyu ce. Akwai mai kama da jaka, wanda yake bullowa ta gefe guda kamar goran da ke rataye a jikin reshe, kuma shi ne ya fi yawa. Akwai kuma wanda jijiyar take buɗewa ta kowane gefe, tsakiya ta yi kauri, bakin sama da na ƙasa su tsuke, kamar siffar mazari.

Likitoci suna danganta wannan rauni da abubuwa kamar haka: raunin bangon jijiya da aka haifi mutum da shi, ƙarancin zaren nama a bangon, tsohon bugu a bayan gwiwa, da yawan taruwar jini a ƙafa na tsawon shekaru. Yana samun maza da mata, kuma ko da yake an fi ganinsa ga masu matsakaicin shekaru da dattawa, an same shi ga matasa.

Ba a daɗe da sanin wannan larura ba. Likitoci biyu, May da Nissl, su ne suka fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1968, sa'an nan a 1976 wani likita mai suna Dahl da abokan aikinsa suka ba da rahoton majinyacin da wannan kumburi ya jefa wa gudajin jini a huhu. A cikin mutanen da ake duba jijiyoyin ƙafarsu da na'ura saboda wani ƙorafi, kimanin mutum 1 ko 2 ne cikin 1,000 ake samu da shi. Ƙarancinsa ne ma ya sa akan manta da shi, har majinyaci ya sha wahala sau biyu ko sau uku kafin a gano tushen ciwonsa.

Kada a rikita wannan da jijiyoyin da suke fitowa a murɗe a saman fatar ƙafa, waɗanda ake gani ga masu daɗewa a tsaye da matan da suka yi haihuwa da yawa. Waɗancan a sama suke, ido yana ganinsu. Wanda muke magana a kansa a can ciki yake, ƙarƙashin nama, kusa da ƙashi.

4. DAGA BAYAN GWIWA ZUWA HUHU

Mai karatu ya tuna da yadda rafi yake. Inda ya tsuke, ruwa yana gudu da ƙarfi, ba ya barin komai ya kwanta. Inda ya buɗe ya yi gurbi, ruwa sai ya lafa yana juyawa a wuri ɗaya, yashi da laka da ganyaye su taru. Haka jini yake yi a cikin jakar kumburin: yana shiga ya yi ta kewaya, bai fita da sauri ba. Ga shi kuma bangon wurin ba lafiyayye ba ne. Ke nan biyu daga cikin sharuɗɗa ukun da aka ambata sun cika a wuri guda, sai gudan jini ya fara taruwa a cikin jakar, bisa kan bisa.

Wurin da jakar take shi ne ya ƙara mata haɗari. Gwiwa gaɓa ce da ba ta hutawa. Duk lokacin da mutum ya durƙusa, ko ya tsuguna, ko ya miƙe, ko ya hau matakala, naman da ke kewaye da jakar yana matsa ta, sai wani yanki na gudan ya ɓalle ya bi jini. Daga gwiwa zuwa zuciya hanya ƙara faɗi take yi, babu abin da zai tare shi. Cikin ɗan ƙanƙanin lokaci ya ratsa zuciya ya shiga huhu, inda hanya take tsukewa, ya toshe ta.

Abin da zai biyo baya ya danganta da girman gudan. In ƙarami ne, zai toshe ƙaramin reshe, mutum ya ji suka a ƙirji da ɗan haki, wataƙila ya wuce bayan kwanaki. In babba ne, zai iya toshe babbar hanyar da ta rabu zuwa huhun dama da na hagu, jini ya kasa wucewa, zuciya ta gaza, mutum ya faɗi nan take. Akwai kuma hali na uku, inda ƙananan gudaji suke ta zuwa a kai a kai cikin watanni, suna cike hanyoyin huhu sannu a hankali, har ɓangaren dama na zuciya ya gaji da turi ya kumbura. Mai wannan hali zai ga ƙarfinsa yana raguwa, aikin da yake yi da sauƙi bara ya gagare shi bana.

Har ila yau, kimanin mutum 1 cikin 4 yana da wata 'yar ƙaramar kafa tsakanin ɓangarorin zuciya biyu, wadda ba ta rufe sarai ba bayan haihuwa. Ga yawancin mutane ba ta da wata illa. Amma gudan jini yana iya bi ta nan ya tsallake huhu ya tafi ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Rahotannin likitoci sun nuna cewa daga kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kusan rabin waɗanda aka samu da kumburin jijiyar bayan gwiwa, toshewar huhu ce ta fara kai su asibiti. Watau kafin nan ƙafar ba ta dame su da wani ciwon da zai sa su nemi likita ba.

5. ALAMOMI

Alamomin da ake iya gani a ƙafa su ne: ƙullutu mai taushi a bayan gwiwa wanda yake girma idan mutum yana tsaye, ya ragu ko ya ɓace idan ya kwanta ya ɗaga ƙafar, nauyi ko tsami a sha-raɓa, musamman da yamma, kumburin ƙafa ɗaya ban da ɗayar, wani lokaci kuma mutuwar ƙafa ko jin kamar ana tsira allura, idan jakar ta danne jijiyar ji da ke kusa da ita. Idan gudan jini ya toshe jijiyar ƙafar gaba ɗaya, sha-raɓar za ta kumbura, ta yi zafi, ta yi tauri, ta yi ciwo in an taɓa.

Alamomin da ke nuna gudan ya isa huhu su ne:

(a) Sarƙewar numfashi ba zato ba tsammani, ko haki ba tare da an yi wani aiki ba.

(b) Suka a ƙirji ko a haƙarƙari, mai ƙaruwa idan an ja numfashi.

(c) Bugun zuciya da sauri.

(d) Tari, wani lokaci da jini.

(e) Jiri, ko gumi mai sanyi, ko suma.

Waɗannan alamomi suna kama da na wasu cututtuka da aka fi sabawa da su. Mai suka a haƙarƙari akan ce sanyi ne ya kama shi, mai tari da jini a ce tibi ne, mai haki a ce asma ce. Abin da ya bambanta toshewar huhu shi ne zuwanta farat ɗaya, sau da yawa ba tare da zazzaɓi mai zafi ko doguwar rama ba. Duk wanda ya ga waɗannan alamomi, a kai shi babban asibiti a wannan sa'a, kada a jira wayewar gari, kada kuma a bar shi ya yi tafiya da ƙafa ko ya tuƙa mota da kansa.

6. MISALI DON ƘARIN FAHIMTA

A ɗauka ga wani magidanci ɗan shekara 40, tela, ba ya shan taba, bai yi karaya ba, bai kwanta jinya ba. Wata rana ya tashi daga kan keken ɗinki sai numfashi ya gagare shi. Aka kai shi asibiti, aka gano gudan jini a huhunsa, aka ba shi maganin hana daskarewar jini, ya sami sauƙi aka sallame shi. Yana shan maganinsa yadda aka umarce shi, amma bayan wata biyu ciwon ya dawo, har ya fi na farko tsanani.

A nan ne likita mai lura zai tambayi kansa: daga ina gudajin nan suke fitowa, alhali mutumin yana kan magani? Sai ya sa a duba jijiyoyin ƙafafunsa biyu, yana tsaye. In akwai jaka a bayan gwiwa, a nan za a gan ta, cike da gudan jini. Maganin da yake sha yana rage daskarewar jini, amma bai iya rufe gurbin da jinin yake taruwa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma muddin ba a gyara bangon ba, korar ƙadangaren ba za ta ƙare ba.

Darasin da ke cikin wannan misali shi ne: duk wanda gudan jini ya toshe wa huhu ba tare da wani sanannen dalili ba, ko kuwa ya sake toshewa yana kan magani, ya dace a duba bayan gwiwarsa. Majinyaci da danginsa suna da ikon su tambayi likita cikin ladabi ko an yi wannan bincike.

7. BINCIKEN ASIBITI

Babban abin da ake gano kumburin da shi shi ne na'urar sikanin, irin wadda ake duba mata masu juna biyu da ita, amma mai nuna gudun jini. Ba ta da zafi, ba a huda jiki, kuma ba ta ɗaukar lokaci mai tsawo. An fi so a duba mutum yana tsaye, domin in yana kwance jijiyar takan saki, jakar ta lafe, a kasa ganin ainihin girmanta. Na'urar tana nuna faɗin kumburin, da siffarsa, da ko akwai gudan jini a ciki. Tana kuma bambanta shi da wasu abubuwa biyu masu fitowa a wannan wuri: jakar ruwan gaɓa da ke samun masu ciwon gwiwa, da kumburin jijiyar kai jini, wanda shi ana jin yana bugawa kamar zuciya.

Domin tabbatar da toshewar huhu, ana ɗaukar hoton ƙirji da babbar na'urar siti sikan bayan an zuba wani ruwa a jijiya mai sa hanyoyin jini su fito sarai. Akwai kuma gwajin jini da ke nuna ko jiki yana narkar da wani guda, da awon bugun zuciya, da awon yawan iskar da ke cikin jini. Hoton ƙirji na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna komai ga mai wannan ciwo, saboda haka kada a ce tunda hoton ya fito lafiya, to, babu matsala.

Irin waɗannan na'urori da ƙwararrun likitocin jijiyoyin jini an fi samunsu a asibitocin koyarwa na jami'o'i, da cibiyoyin lafiya na Tarayya, da manyan asibitocin jihohi. Aikin ƙaramin asibiti shi ne ya gane alamun, ya ba da taimakon farko, ya tura majinyaci gaba da takarda ba tare da ɓata lokaci ba.

8. MAGANI

Matakin farko shi ne ceton rai. Ana sa wa majinyaci iskar taimakon numfashi, a fara ba shi maganin hana daskarewar jini. Mafi daɗewa a cikin waɗannan magunguna shi ne allurar hefarin, wadda aka gano a Amurka a 1916. Sai ƙwayar wafarin, wadda aka fara sayarwa a 1948 a matsayin maganin ɓera, daga baya aka ga amfaninta ga ɗan Adam in an auna ta daidai, aka amince da ita a 1954. Yanzu akwai sababbin ƙwayoyi irin su ribaroksaban da afiksaban, waɗanda ba sa bukatar yawan gwajin jini. Idan gudan babba ne har zuciya tana neman gazawa, akwai allura mai ƙarfi da ke narkar da shi, ko kuma a ciro shi ta hanyar tiyata, aikin da wani likitan Jamus mai suna Kirschner ya fara yi cikin nasara a 1924.

Mataki na biyu shi ne gyaran jijiyar. Likitoci sun lura cewa da yawa daga cikin masu kumburin da aka bari a kan magani kaɗai bayan huhunsu ya toshe, ciwon ya sake dawo musu, wasu ma sun rasa rayukansu. Don haka ake ba da shawarar tiyata ga wanda gudan ya riga ya taɓa zuwa huhunsa, da wanda aka ga guda a cikin jakarsa, da mai kumburi irin na jaka, da wanda faɗin kumburinsa ya kai santimita 2 ko fiye. Ƙaramin kumburi mai siffar mazari wanda babu guda a cikinsa, likita yana iya barinsa ya riƙa dubawa lokaci lokaci.

Aikin iri biyu ne. A mafi yawan lokuta ana yanke jakar daga gefen jijiyar, a kwashe gudan, a ɗinke bangon ya koma faɗinsa na asali. In kuwa yankin duka ya lalace, sai a yanke shi a haɗa bakunan biyu, ko a ɗebo wata jijiya daga wani wuri a ƙafar majinyacin a yi mata gada. Bayan aikin, majinyaci zai ci gaba da shan maganin hana daskarewar jini na wasu watanni, ya sa doguwar safa mai matse ƙafa, ya kuma fara takawa da wuri bisa umarnin likita. Yawancin waɗanda aka yi wa wannan aiki ciwon huhun ba ya sake dawo musu.

Mai shan maganin hana daskarewar jini ya kiyaye waɗannan: kada ya ƙara ko ya rage ko ya daina sai da izinin likita, kada ya haɗa shi da asfirin ko magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis ko jiƙe-jiƙe ba tare da ya tambaya ba, ya sanar da likitan haƙori kafin a cire masa haƙori, in ya ga haɓo mai yawa, ko jini a fitsari, ko baƙin bayan gida, ya koma asibiti nan da nan. Mai shan wafarin ya riƙa zuwa gwajin jini a kan lokaci, kuma kada ya canza yawan ganyen da yake ci, irin su alayyafo da kabeji, farat ɗaya, domin suna rage ƙarfin maganin. Wafarin yana cutar da ɗan tayi, saboda haka mai juna biyu allurar hefarin ake ba ta.

9. ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

A al'adarmu, kumburi a jiki akan kai shi wurin wanzami a yi ƙaho ko tsaga ko sakiya, ko kuma a sami mai tausa ya murza wurin. Ga ƙullutun bayan gwiwa da kumburarriyar sha-raɓa, waɗannan duka haɗari ne. Tausa tana iya ɓallo gudan ta tura shi huhu a take. Tsaga ko sakiya kuwa tana iya huda babbar jijiya, jini ya ɓalle yadda ba mai iya tsai da shi a gida. Ana roƙon wanzamai da masu ɗori, waɗanda jama'a suka amince da su tun kaka da kakanni, idan an kawo musu irin wannan kumburi su tura mai shi asibiti a fara duba shi da na'ura.

10. RIGAKAFI

Raunin bangon jijiya ba abin da mutum zai iya hana shi ba ne, amma yana iya rage abubuwan da suke sa jini ya kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye, a jirgin sama ko mota ko jirgin ƙasa, yana ninka haɗarin samun gudan jini a ƙafa. Wannan ya shafi direbobin manyan motoci, da fatake masu bin hanyar Legas zuwa Kano ko Fatakwal zuwa Maiduguri, da maniyyata masu tafiya aikin Hajji. A riƙa tsayawa ana miƙe ƙafa bayan kowace awa 1 ko 2. In babu halin sauka, a riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa, a sha ruwa isasshe, kada kuma a cusa kaya a gaban ƙafa har ta kasa motsi.

Teloli, da masu aikin ofis, da masu zaman shago, su riƙa tashi suna ɗan zagayawa. Wanda aka yi wa tiyata, da mai jego, su fara takawa da zarar likita ko ungozoma ta ba da izini, domin makonni 6 na farko bayan haihuwa lokaci ne na haɗari. Mai jinyar da ba ya iya tashi, a riƙa juya shi ana motsa masa ƙafafu a hankali, muddin ƙafar ba ta kumbura ba. A bar shan taba, a rage ƙiba. Wanda wani daga cikin iyayensa ko 'yan'uwansa ya taɓa samun gudan jini, ya faɗa wa likita kafin a yi masa tiyata, mace kuma ta faɗa kafin a ɗora ta a kan ƙwayoyin tsarin iyali.

Rigakafi ya fi magani. Duba bayan gwiwa da na'ura aikin 'yan mintoci ne, kuma wanda aka gano kumburinsa aka gyara shi a kan lokaci yana komawa gonarsa ko shagonsa kamar kowa.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Me ya sa gudan jinin da ya ɓallo daga ƙafa yake maƙalewa a huhu?

2. Kawo sharuɗɗa uku da suke sa jini ya daskare a cikin jijiya. Guda nawa ne daga cikinsu suke cika a cikin jakar kumburi?

3. Me ya sa aka fi so a duba majinyaci da na'urar sikanin yana tsaye?

4. Don me maganin hana daskarewar jini kaɗai ba ya wadatar da mai kumburin jijiyar bayan gwiwa wanda huhunsa ya taɓa toshewa?

5. Maƙwabcinka ya dawo daga doguwar tafiya, sha-raɓarsa ta dama ta kumbura, yana haki, 'yan'uwansa suna shirin kiran mai tausa. Wace shawara za ka ba su, kuma da wace hujja?